Farin garin da ke taruwa a kan batir ya ishe ni

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu ilimin abin ku taimaka. Kan batir ɗin motata ne yake tara wani farin gari kamar gishiri, wani wurin har da shuɗi-shuɗi. Sau uku ke nan ina kankare shi cikin wata biyu, ba ya rufa sati biyu sai ya dawo. Yau da safe na murɗa makulli sai ƙat-ƙat-ƙat kawai nake ji, fitilun gaban direba suna lumshewa. Da na buɗe bonet na ɗan jijjiga kan da hannu sai ta tashi. Batir ɗin shekararsa ɗaya da rabi, irin mai murafai ne da ake ƙara wa ruwa. A wajen mai alamar + abin ya fi yawa. Batir ɗin ne ya gama aiki ko ni ne nake wani kuskure?

Mai_Tifa:
Wa alaikumus salam. Ruwan zafi kawai. Tafasa ka kwarara masa a hankali, kana kallo zai narke ya bi ruwa. Na fi shekara goma ina haka, ban taɓa sayen wani magani ba.

Sadiku_Fes:
Lemon kwalba mai gas ya fi ruwan zafi sauri. Zuba ka sha kallon kumfa.

Hajiya_Mai_Mota:
Ina biye da ku, tawa ma ta fara. Amma ku jira masu sana'ar su iso kafin ku sa bawan Allah ya shayar da motarsa lemo.

Oga_Rewaya:
Malam Baban Ilham, kafin maganar abin da za ka zuba, mu fara da yadda za ka kwance, don a nan ake jin ciwo. Kashe mota, zare makulli ka sa a aljihu. Cire zobe da agogon ƙarfe. Kan negatif za ka fara kwancewa, wato mai alamar −, wanda wayarsa ta tafi jikin mota. Ka kawar da shi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa ba, sannan ka kwance fozitif, mai alamar +. Wajen mayarwa sai ka juya: fozitif farko, negatif ƙarshe. Dalilin shi ne duk ƙarfen jikin motar nan negatif ne. In ka ɗora sifana a kan fozitif alhali negatif na ɗaure, gindin sifanar ya goga bodi, ka haɗa wuta kai tsaye ke nan. Da idona na ga sifana lamba 10 ta yi jawur ta manne da ƙarfe. Akwai yaron da ya koyi aiki a wurina, har yau tabon zobe na zagaye da yatsarsa.

Wankin kansa ba wuya. Babban cokali ɗaya na bekin soda a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, sai tsohon buroshin haƙori. Zai yi kumfa. Ka yi ta gogawa kana ƙara zubawa har kumfar ta daina tashi, wannan ce alamar asid ɗin ya mutu. Ka tabbatar murafan a rufe suke gam, don in ruwan sodar ya shiga ciki zai kashe asid ɗin da batir ke aiki da shi. Ɗauraye da ruwa kaɗan, goge da tsumma ya bushe. Sai samfefa ko buroshin ƙarfe, ka goge sandar dalmar da kuma cikin bakin abin da ke kama ta har su yi ƙyalli. Cikin bakin nan mutane ke mantawa da shi, su goge waje ya yi fes, alhali ta ciki wuta ke bi.

Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewar da ka yi sati biyu yake dawowa. Wannan ba datti ba ne. Asid ne ya samu ƙofa yake fitowa, kuma in ba ka gano ƙofar ba, wanki za ka yi ta yi har ka gaji.

Sadiku_Fes:
To Oga, lemon fa? Ni dai na gwada ya yi.

Malam_Kimiyya:
@Sadiku_Fes ya yi a ido. Lemon nan shi kansa akwai ɗan asid a ciki, don haka wanke garin yake yi, ba ya kashe komai. Ruwan famfo ma zai yi maka wannan aikin. Sannan ya bar maka sukari yana danƙo, ƙura ta bi ta manne, tururuwa ta samu gida.

Bari in ɗan faɗi abin da garin yake. Ruwan cikin batir asid ɗin salfa ne da aka sirka da ruwa, kusan kashi ɗaya cikin uku asid ne. Lokacin caji, musamman in batir ya cika ana ci gaba da tura masa wuta, ruwan yana rabewa ya zama iskar haidurojin da oksijin, su fito ta ƙananan ramukan numfashi, su ɗebo tururin asid. Tururin nan in ya sauka a kan dalma sai ya ba da farin gari. In ya sauka a kan jan ƙarfe ko tagulla, irin na waya da na bakin kan batir, sai ya ba da shuɗi ko kore. Shi ya sa Baban Ilham yake ganin kala biyu. Wutar lantarki ba ta ratsa garin sosai, kuma abin tada inji yana jan amfiya 150 zuwa 200, wani lokacin fiye. A irin wannan ja, ɗan cikas ƙanƙani ya isa ya cinye bolt biyu a hanya. Rediyo zai yi, fitila za ta kama, amma inji ba zai juya ba. Ƙat-ƙat ɗin da ya ji ke nan.

Mai_Tifa:
Malam duk wannan karatun, ƙarshe dai garin za a cire, kuma ruwan zafi na cire shi. Ni ban ga bambanci ba.

Tsohon_Direba:
Mai Tifa ɗana, bambancin yana ƙarƙashin batir, inda ba ka leƙawa. Ni ma ɗan ruwan zafi ne a da. Shekaru ina kwarara wa wata tsohuwar motata, sama tsaf, ina jin daɗi. Ranar da aka zo canja batir, da aka ɗaga shi sai ga farantin da yake zaune a kai ya zama kamar rariya. Na sa yatsa ya shige. Tsatsar ta bi ta ci ƙarfen da ke ƙasa, har wata ƙaramar wayar da ta ratsa ta wurin ta rube. Ruwan zafin yana narkar da garin, gaskiya ne, amma ina yake kai shi? Ƙasa. Sai da aka yanke aka yi walda. Tun daga nan in zan wanke, fito da batir ɗin nake yi gaba ɗaya, in wanke mazauninsa da soda, in ya bushe in kankare tsatsa in shafa fenti.

Mai_Tifa:
Baba na ji wannan. Amma tifa batir ɗinta a waje yake, ruwan ƙasa yake zuba.

Tsohon_Direba:
Ta kan akwatin batir ɗin yake bi kafin ya kai ƙasa. Je ka leƙa ka dawo ka ba mu labari.

Injiniya_Bash:
Tunda a fozitif abin yake, ba sai an wahala ba, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, ita ce ke cajin da ya wuce ƙima. Ƙa'ida ce: gari a fozitif, caji ya yi yawa. Gari a negatif, caji bai isa ba.

Oga_Rewaya:
Injiniya, wannan maganar ana yawan faɗinta, ni ma da ita aka koya mini aiki, amma ba na yanke hukunci da ita. Na sha ganin fozitif ya yi fari fat, in sa mita in ga caji lafiya lau. Na kuma ga mai cajin hauka da kawunansa biyu duk sun yi gari. Mita ce mai raba gardama. Mota a kashe, ta kwana ko ta huta awanni, cikakken batir zai nuna wajen bolt 12.6. In ka ga 12.2, rabi ya rage. In an tada inji, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. Wanda ya haura 15 ya zauna a can, shi ne ke dafa batir. Irin wannan ma hanci na gaya maka, za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, jikin batir ɗin ya yi zafi, wani har cikinsa ya kumbura.

Baban Ilham, tambaya biyu. Wa yake ƙara maka ruwa, kuma zuwa ina yake cikawa? Sannan an taɓa buga kan batir ɗin da guduma ko sifana don ya zauna?

Baban_Ilham:
Oga kamar kana wurin. Ruwa ni nake ƙarawa da kaina, kuma gaskiya har baki nake cikawa, a tunanina gara ya yi yawa da ya yi kaɗan. Bugu kuwa, duk ranar da ta ƙi tashi sai na ɗauki dutse ko sifana na ɗan ƙwanƙwasa kan. Wanda ya sa mini batir ɗin ma da guduma ya zaunar da shi.

Oga_Rewaya:
To ga ƙofofi biyu ka buɗe da hannunka. Ruwan batir yana kumbura in ya yi zafi, in ka cika shi har baki dole ya yi ambaliya ta murafai ya jiƙa saman. Akwai layi biyu a jikin batir, na ƙasa da na sama, tsakaninsu ake tsayawa. In babu layi, ya rufe farantan ciki da kamar santimita ɗaya ya wadatar. Bugun kuma ya fi muni. Sandar dalmar nan ta cikin roba ta fito, akwai liƙi a gindinta. Kowane bugu sassauta shi yake yi. Da zarar ya tsage, asid zai riƙa tsattsafowa ta gindin sandar kai tsaye zuwa kan. In kan ya ƙi shiga, sassauta notin ake yi a ɗan buɗa bakin da sukundireba, ya zauna da kansa har ƙasa.

Ɗan_Koyo:
Oga don Allah, ruwan da ake ƙarawa asid ne ko ruwa? Wani ya ce mini in batir ya yi sanyi a ƙara masa asid ya farfaɗo.

Malam_Kimiyya:
Tataccen ruwa kawai, wanda aka turara, ba na famfo ko rijiya ba, don gishirin da ke cikinsu yana lalata farantan. Abin da batir ke asara wajen caji ruwa ne, asid ɗin yana nan. In ka ƙara asid ka sa ya yi kauri fiye da yadda aka tsara, zai ɗan yi ƙarfi na kwanaki sannan ya cinye kansa. Matsalar ita ce duka biyun "ruwan batir" ake ce musu, sai ka tambaya da kyau wanne aka miƙo maka.

Maman_Khairat:
Ni tambayata ta daban ce. Bayan an wanke, me ake shafawa? Maigidana giris yake lafta wa, ƙanena kuma ya ce basilin. Kullum sai sun yi musu a kai.

Injiniya_Bash:
Kowanne ya yi, amfaninsu ɗaya, su hana iska da tururi taɓa ƙarfen. Amma bayan an ɗaure ake shafawa a sama, ba kafin ba. Wutar lantarki ba ta ratsa maiƙo, in ka sa shi tsakanin sanda da kai ka rage haɗuwarsu.

Bakanike_Isiya:
A nan ban yarda da kai ba Injiniya. Ni shafe sandar nake yi sama-sama kafin in ɗora kan. In ka ɗaure noti da kyau, matsin yana fitar da maiƙon daga inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ya rage a 'yan ramukan da iska za ta shiga. Ban taɓa samun motar da ta dawo mini saboda haka ba.

Injiniya_Bash:
In an ɗaure da kyau ka ce. Kai bakanike ne, hannunka ya san matsi. Mai mota da zai ɗaure da filaya fa?

Oga_Rewaya:
Duka biyun na gani suna aiki, ni dai a sama nake sawa don hankalina ya fi kwanciya. Hajiya Maman Khairat, ki gaya wa maigida lafta shi ɗin ne ba kyau. Kaɗan ake so. In ya yi tuli ƙura yake kamawa, basilin kuma in inji ya yi zafi narkewa yake yi ya bi saman batir. Baƙin mai da aka juye daga inji kuwa kada a kusanto da shi. Akwai kuma wasu zobba na ulu, ja da kore, da ake zura wa gindin sandar kafin a ɗora kan, an jiƙa su da maganin da ke kashe asid. Suna taimakawa.

Sadiku_Fes:
Tunda ana maganar altaneta, ai ba sai da mita ba. Ka tada mota ka cire kan batir, in ta mutu altaneta ce, in ba ta mutu ba lafiyarta ƙalau.

Oga_Rewaya:
Sadiku, don girman Allah kada ka sake koya wa kowa wannan. Dabarar zamanin motocin da ba su da kwamfuta ce. Batir shi ke shanye hawa da saukar wutar da altaneta ke bayarwa. Ka cire shi inji na aiki, wutar na iya yin tsalle ta ƙona kwamfutar mota ko altanetar kanta. Ga kuma tartsatsi a daidai saman batir ɗin da yake cikin fitar da haidurojin.

Malam_Kimiyya:
Kuma haidurojin in ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Masu leƙa ramin batir da ashana ko taba a baki su ji.

Abu_Sumayya:
Wannan ni ganau ne. Wayar jona wuta na ɗora daga wata mota, na maƙala ta ƙarshe a kan negatif ɗin mataccen batir ɗin maimakon jikin inji. Ƙarar da na ji kamar taya ta fashe. Saman batir ɗin ya tsage, ruwa ya fallatso mini a fuska da riga. Allah ya taimake ni akwai jarkar ruwa a kusa, wani bawan Allah ya riƙe kaina ya yi ta kwarara mini a ido, ina cewa ya isa yana cewa bai isa ba. A asibiti aka ce mini wankin nan ne ya ceci idon, kuma aƙalla minti 15 ake so. Rigar kuwa da aka wanke ta washegari sai ga huji-huji kamar ɓera ya ci. Yanzu ko gari zan goge sai na sa tabarau da safar hannu ta roba. Kuma kada ku hura garin da baki, ido yake komawa.

Hajiya_Mai_Mota:
Subhanallahi. Allah ya ƙara kiyayewa. Ni nawa batir ɗin irin rufaffen nan ne da ba a ƙara wa ruwa, kuma duk da haka ya fara fari a gefe ɗaya. Na ɗauka su ba sa yi.

Bakanike_Isiya:
Suna yi Hajiya, sai dai bai kai na mai murafai ba. Ba a rufe suke ruf ba, akwai ramin numfashi a gefe. Wanda batir ɗinsa ke but ko ƙarƙashin kujera ma akwai siririn tiyo da ke fitar da iskar waje, in an canja batir a tabbatar an mayar da shi. In motarki ta zamani ce, ki sani cire batir na iya goge agogo da tashoshin rediyo, wani rediyon har lambar sirri zai nema. Wasu kuma akwai ɗan na'ura a jikin kan negatif mai auna caji, kada a jiƙa shi ko a buga.

Baban_Ilham:
Jama'a na dawo. Na ari mita na auna kamar yadda Oga ya ce. A kashe 12.5, da na tada 14.2, na taka totur bai wuce 14.3 ba. Na fito da batir ɗin na wanke da soda, kumfar da ta tashi a kan farantin ƙasa ta ba ni tsoro, Baba Tsohon Direba ka yi gaskiya, fenti duk ya tashi amma bai huje ba. Na zuƙe ruwan da ya yi yawa da sirinji. Sai dai abu biyu. Bayan na goge ya bushe, na bar shi awa ɗaya, da na dawo sai na ga gindin sandar fozitif ya yi duhu-duhu kamar da danshi. Na ɗiga ruwan soda a wurin ya yi kumfa. Na biyu, wayar fozitif ta kumbura kusa da kan, da na ɗan yanka robar sai na ga zaren ciki ya zama kore, yana marmashewa.

Injiniya_Bash:
To na janye, altaneta ta fita. 14.2 ba laifi.

Oga_Rewaya:
Ƙofar ke nan ka gano, liƙin gindin sandar ya tafi. Wayar kuma asid ya bi ta cikin roba kamar yadda lagwani ke jan mai. Ka yi ta yankewa baya har ka iske jan ƙarfe mai haske, in tsawon zai kai a sa sabon kai a matse shi da kyau. In koren ya yi nisa, canja wayar dungurungum. Ka duba ta negatif ma, har inda aka ɗaure ta a bodi. Batir ɗin kuwa, ni shawarata a canja. Tsagewar nan ba ta gyaruwa, kuma sabuwar wayar zai ci.

Bakanike_Isiya:
Oga a nan mun rabu. Batir mai shekara ɗaya da rabi da ke riƙe 12.5 a jefar? Ya sa zoben ulun nan, ya shafa giris, ya riƙa dubawa duk sati biyu. Na ga irinsa ya ƙara shekara.

Sadiku_Fes:
A liƙe gindin da gam mai ƙarfi mana.

Malam_Kimiyya:
Gam ba ya kama wannan robar sosai, kuma ƙarƙashinsa asid ne. Zai ɓamɓare. In dai an canja, kada a yar da tsohon a bola ko a bar shi inda yara ke wasa, a mayar wa masu karɓar tsofaffi, dalmar narkar da ita ake yi a sake amfani da ita. Baban Ilham, ruwan da ka zuƙe da sirinji fa, ina ka kai shi?

Baban_Ilham:
Yana cikin wata roba a gefe, ban san yadda zan yi da shi ba. Maganar canji kuma sai ƙarshen wata, yanzu dai zan bi ta Malam Isiya in gani.

Malam_Kimiyya:
Ka zuba shi kaɗan-kaɗan cikin bokitin da ke da ruwa da yawa, ba ruwan za ka zuba a kansa ba. Sai ka riƙa barbaɗa soda har ya daina kumfa. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci, sirinjin kuma kada ya koma cikin gida.

Mai_Tifa:
Baba Tsohon Direba, na leƙa. Ƙasan akwatin ya ci, ɗaya ƙugiyar da ke riƙe batir ɗin ma saura ƙiris ta tsinke. Oga Rewaya, nawa batir biyu ne a jere, bolt 24. Wanne zan fara kwancewa, na bodi ko wayar da ta haɗa su?